Buhu Uku, Kwana Sittin

Litinin, 15 ga Satumba, bayan sallar asuba

A share gindin itacen bedi, a fito da ƙarfen Yahuza daga rumfa.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Na fito da shi. Sandar tsohuwar amalanke ce, ya cika manyan gwangwanayen tumatir biyu da siminti ya kafe ta a ciki. Akwai ƙanana biyu na hannu ɗaya-ɗaya. Wurin da yake riƙewa ya yi baƙi, ya yi santsi. Hannuna bai rufe wurin ba.

Na ɗaga sau huɗu. A na biyar idona ya yi duhu, na aje.

Bari in rubuta abin yadda yake, don in na ruɗe in dawo in karanta. Ƙanena Yahuza ɗan dako ne a mangazar aya, wato sito, ta bakin tasha, nan Gazawa, shekara goma sha ɗaya. Ya rasu ran sha takwas ga watan jiya. Ya bar matarsa Basira da 'ya'ya huɗu, gida ɗaya muke. Ni kuwa tun da aka sallame mu daga koyarwa a lakol, makarantar boko, bara, ba ni da komai sai gona, ita ma bana ruwa ya yanke mata a tsakiya. 'Yan dako suna da al'adarsu: in ɗayansu ya mutu, wurinsa na ɗan'uwansa ne, in har zai iya. Sanda, sarkin dako, ya zo gaisuwa ya ce zai riƙe mini wurin har ranar da kamyon farko, wato babbar motar ɗaukar sabuwar aya, zai tsaya, wajen ƙarshen Oktoba. Ranar zan ɗauki buhu uku daga gun ma'auni, in hau katako da su, in aje cikin mota. Kowane buhu kilo ɗari. In na kasa, akwai mutum huɗu da ke jira.

Da zai tafi ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakol, ya ce, "Mushe, buhu fa ba alli ba ne. Ka ci abinci."

Yau kwana sha biyar da na fara azumin kaffara. Sittin ne a jere, in ɗaya ya karye a koma farko. Ban tambayi kowa ko ya hau kaina ba. Ni na san abin da na sani. Sanda bai san ina yi ba.

Laraba, 17 ga Satumba, azahar

Na je gidan likita in hau ma'auni. Hamdiya na tarar, wadda muka yi kwaleji tare a Agiye, yanzu ita ce ke awo da allura. Kilo sittin da ɗaya.

Na gaya mata zancen Sanda. Ta yi dariya har ta dafa tebur, sannan ta tuna rasuwar ta daina.

"Abdurrahaman, tun muna aji ai kai ne sandar tuta. Yanzu da furfura za ka zama ɗan kokawa?"

Na ce ba kokawa ba, dako.

Ta yage takarda ta zauna. Ta ce ƙarfe ba ya sa tsoka, yayyaga ta yake yi, abinci da barci ne ke ɗinke ta ta fi da kauri. Wanda ke ɗaga ƙarfe bai ci ya wuce abin da jikinsa ya ƙone ba, kansa yake ci. Ta ce mutum irina yana son kalori dubu uku a rana, ko ma fiye. Ta rubuta mini na kusa: gyaɗa cike da hannu, wajen ɗari biyu, ƙwai ɗaya, saba'in, babban cokalin man gyaɗa, ɗari da ashirin, kwanon shinkafa da wake, wajen ɗari shida. Fura da nono, awara, ƙuli-ƙuli, dabino.

"Kada ka tara shi wuri ɗaya, cikinka ƙarami ne. Sau shida a yini. Safe, hantsi, azahar, la'asar, magariba, isha. Ka ji?"

Na ce na ji. Huɗu daga cikin shidan rana ce tsaka. Na ninke takardar na sa aljihu.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan magariba

Na lissafa abin da ya shiga cikina daga buɗa-baki zuwa yanzu, na haɗa da sahur. Dubu ɗaya da ɗari bakwai. Na sake lissafawa ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Asabar, 20 ga Satumba, la'asar

Na mayar da ɗaga ƙarfe kusa da faɗuwar rana, don in na gama kiran salla ya kusa. Sau shida, na huta, sau biyar, na huta, sau uku.

Matata Shatu ta ce, "Malam, ko dai ƙarfen ko azumin. Jaki ma ba a yi mishi kaya biyu."

Na ce ta zubo ruwan wanka.

Moton, babur ɗina, yana nan bayan rumbu, rufe da tsohuwar tabarma. Ban ɗaga ba.

Litinin, 22 ga Satumba, bayan asuba

Sahur: fura ludayi goma sha biyu, ƙwai biyu, gyaɗa hannu ɗaya. Rabi ya dawo a bayan ɗaki. Ban san yadda zan lissafa wannan ba.

Laraba, 24 ga Satumba, azahar

Kilo sittin. Hamdiya ta ce in cire takalma in sake hawa, kamar takalman ne suka rage nauyin. Ta tambaya ko ina bin takardar. Na ce ina ƙoƙari.

Juma'a, 26 ga Satumba, la'asar sakaliya

Yau na fara sa sandar a kafaɗa ina durƙusawa ina miƙewa, yadda na riƙa ganin Yahuza yana yi. Shi yakan yi talatin yana hira da mai shayi ta kan katanga.

A na uku na ji nauyin ya sauya. Ba a kafaɗa kaɗai yake ba, kamar mutum ne zaune a bayana, gwiwoyinsa a gefen cinyoyina, hannunsa ɗaya a kafaɗata ta dama. Haka Yahuza yake riƙe ni kullum in na ɗauko shi a kan moto. Ba ya kama ƙugu, wai na mata ne.

Na saki sandar ta baya. Gefen gwangwani ɗaya ya ɓantare.

Yunwa ce. Kowa ya san yunwa tana sa mutum jin abin da babu.

Lahadi, 28 ga Satumba, hantsi

Ban ɗaga komai ba.

Laraba, 1 ga Oktoba, azahar

Da safe na ji ƙararrawar lakol, an koma. Har na miƙe ina neman hula.

Kilo hamsin da tara.

Hamdiya ba ta rubuta ba. Ta ce in buɗe baki. Ta dubi harshena, ta dubi leɓɓana, ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙo mini. Na ce na gode, ba na jin ƙishi. Ta ci gaba da miƙo shi har hannunta ya gaji.

"Yau Laraba," in ji ta. "Ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Kwana nawa ke nan?"

Na ce talatin da ɗaya.

Ta aje moɗar. Na ga tana lissafi da ido, daga ranar rasuwa zuwa yau, na ga inda lissafin ya kai ta. Ba ta tambaye ni komai ba, Allah ya saka mata. Ta ce kawai, "Zai ƙare talatin ga wata. Kamyon Sanda ba zai jira talatin ga wata ba. Ko ya jira, me zai tarar? Ƙashi?"

Na ce Allah yana nan.

"Yana nan. Shi ne ya yi maka cikin da kake hana wa abinci. Ni dai ba zan ƙara auna ka ba sai ka zo da abin aunawa."

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan magariba

An ce Shatu ce ta same ni a gindin bedi, sandar a kan ƙafata. Ni abin da na tuna shi ne ina ƙirga na huɗu. Ta yayyafa mini ruwa a fuska, na dafe baki kada ya shiga. Saura kaɗan a kira salla, na jira.

Basira tana cikin takaba, ba ta cika fitowa tsakar gida in ina nan ba. Na ga labulen ɗakinta ya motsa.

Talatin da biyu.

Juma'a, 3 ga Oktoba, bayan masallaci

Na tsaya har mutane suka watse, na tambayi liman game da wani mutum. Na ce mutumin yana kaffarar kwana sittin, ya wuce rabi, sai aikin ƙarfi ya taso masa wanda iyali biyu za su ci daga gare shi.

Ya ce in mutumin ya sha ba don ciwo ba, abin da ya wuce ya wuce, zai faro daga ɗaya. Na ce to in ya jinkirta fa? Ya ce in akwai larura ta gaskiya ana jinkirtawa, amma tana nan a wuyansa har ya sauke.

Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Ka gaya wa mutumin nan, ya tabbata ma ta hau kansa? Ya zo ya faɗa mini yadda abin ya faru, mu duba."

Na ce zan gaya masa.

Ba zai zo ba. In ya zo sai ya faɗi daga farko, daga wanda ya ce a tafi duk da hadari ya haɗo.

Asabar, 4 ga Oktoba, azahar ta wuce

Ina zaune a rumfa ina gyaran igiya sai na ji muryar Basira daga bayan labule. Tun ranar sadakar bakwai ban ji ta yi magana da ni ba.

"Yaya."

Na ce na'am.

"Ga fura nan na dama. Da hannuna."

Ta turo ƙwaryar waje, da faifai a kai. Na ce ta aje mini sai an jima.

"An jima yaushe? Kana tsammanin ba ni jin motsin tukunya kullum kafin asuba? Kwana talatin da huɗu yau, tare muke ƙirgawa."

Na ci gaba da gyaran igiyar.

"Ni ban tambaye ka abin da ya faru a hanyar Agiye ba, kuma ba ni tambaya. Abin da ke tsakaninka da Ubangijinka, ba ni shiga. Amma gero saura na wata biyu cikin rumbun ga, Yaya, na leƙa. In Sanda ya ba wani wurin nan, ladan azuminka zan dafa ma yara?"

Na ce Basira, ki yi haƙuri, abu ne da ya zama dole.

"Dole gare ka. Kai kake samun sauƙi da shi, ba mu ba. Shi in da yana nan, wallahi dariya zai yi maka, ya ce Yaya ya samu wata sabuwar jarrabawa yana ba kansa." Sannan ta ce, "Ka sha, ko ka maido mini ƙwaryata in san inda muka tsaya."

Na daɗe ina kallon faifan. Ƙuda ya sauka a kai, ya tashi, ya dawo. Rana tana tsakiyar gida, ko inuwar katanga babu.

Ta sa nono da yawa. Ta sa barkono kaɗan yadda Yahuza yake so, ba yadda nake so ba.

Na shanye.

Asabar, la'asar

Talatin da huɗu. Babu.

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan isha

Na ciro takardar Hamdiya, ta yi laushi da gumi. Na kwafe ta a nan, na ja layi shida.

Safe: koko da ƙosai, ƙwai biyu. Hantsi: gyaɗa hannu biyu, dabino. Azahar: shinkafa da wake, mai cokali biyu. La'asar: fura da nono bayan ƙarfe. Magariba: tuwo miyar kuka, awara. Isha: fura kuma.

Dubu biyu da ɗari takwas. Cikina kamar ganga. Taunawa ma aiki ce, muƙamuƙina ya gaji.

Talata, 7 ga Oktoba, hantsi

Ba na iya cin ƙwai a gaban yara. Suna cin tuwo, ni ina cin ƙwai da awara, suna bi na da idanu. Shatu ta ce magani ne, haka ta gaya musu. Na koma ci a bayan rumbu. Wurin zama ɗaya ne a can, kusa da tabarmar. Na ba ta baya.

Cin abinci da rana yana yi mini kamar sata.

Alhamis, 9 ga Oktoba, la'asar

Dubu uku da hamsin. Sandar: sau goma, sau goma, sau takwas.

Litinin, 13 ga Oktoba, azahar

Sanda ya aiko in zo in gwada rabin buhu kafin aiki ya taso. 'Yan dako suna kwance kan buhunan wofi. Wani Tala, abokin Yahuza, ya tashi zaune ya ce, "Ku miƙe, ga Mushe ya shigo aji!" Suka miƙe da gaske, suka ce bonjur Mushe da murya ɗaya. Na yi dariya, ban san ina da ita ba.

Sanda ya ce hannu ba ya ɗaukar buhu. Mutum biyu ne ke ɗora maka, kai naka shi ne ka tare shi da bayan wuya da kafaɗa, ka kama kunnuwansa, ka sa ƙafa ta yi aikin. A kan katako kada ka dubi ƙasa, kada ka tsaya. Katako yana lilo, ka bi lilonsa.

Suka ɗora mini kilo hamsin. Na kai, na dawo. Sau biyu.

Tala ya ce, "Ka taɓa dako ne, Mushe? Ka iya sunkuyawa."

Na ce a'a.

Sau ɗaya na taɓa ɗaukar abin da ya fi wannan. Daga ƙasan ƙaramar gada zuwa bakin titi, cikin ruwa, hawa ne. Kilon Yahuza tamanin da bakwai, shi ya sha faɗa da alfahari. Har yau ban san da wane jiki na yi ba.

Ban gaya wa Tala ba. Na ce a ƙara mini ashirin.

Laraba, 15 ga Oktoba, azahar

Sittin da ɗaya da rabi. Hamdiya ta rubuta, ta ce, "Ka ga abin aunawa." Ba ta tambayi kwana nawa ba. Ta ce in ƙara man gyaɗa cikin koko, in kwanta da wuri.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan asuba

Jikina yana tashe ni lokacin sahur ko ban so ba. Da ban sha ba, da yau arba'in da bakwai ke nan. Na hana kaina wannan ƙirgen, amma yana yin kansa.

Litinin, 20 ga Oktoba, la'asar

Rigunana na lakol ba su yi wa dako. Shatu ta ɗauko mini rigar aikin Yahuza daga igiyar rumfa, mai faci a kafaɗa. Da, in na sa rigarsa kamar an rataya ta a ƙusa ne. Yau ta zauna kaɗan.

Ina sunkuye kan sandar, na ba ɗakuna baya, sai na ji kwano ya faɗi. Basira ce ta fito ɗiban ruwa. Tana tsaye, hannunta a baki. Da na juyo ta ga fuskata, ta tsince kwanon ta koma ciki ba tare da ruwan ba.

Na cire rigar. Zan nemi wata a kasuwa.

Alhamis, 23 ga Oktoba, magariba

Buhun kilo tamanin, a ƙasa, ba katako. Taku ashirin. Gwiwar hagu tana magana.

Dubu uku da ɗari biyu. Sabuwar gyaɗa ta shigo, ita ke taimakona.

Asabar, 25 ga Oktoba, hantsi

Sittin da uku. Sanda ya ce Talata.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan isha

Ban taɓa ƙarfe ba yau, Hamdiya ta ce a huta. Na ci sau shida. Na yanke farce.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Kamyon ya tsaya ƙarfe tara. Mutum huɗun da ke jira suna nan a inuwar mangaza, ɗaya har ya naɗe ƙafar wando.

Na farko: da suka sake mini shi na ji ƙashin bayana ya taru wuri ɗaya. Taku tara zuwa katako, bakwai a kansa. Na aje.

Na biyu: a tsakiyar katako na dubi ƙasa. Sanda ya daka tsawa, "Gabanka, Mushe!" Na kai.

Na uku ban ga komai ba. Kunnen buhun ya fara zamewa daga hannun dama, ƙafata ta tsaya a taku na huɗu, katako yana sama yana ƙasa. Na ji Tala daga cikin mota yana cewa, "Taho, ɗan'uwa, taho, uku ya rage, biyu, kawo shi nan." Na faɗa ciki tare da buhun. Ban san ko aje shi na yi ko shi ya aje ni ba.

Wanda ya naɗe wando ya ce faɗuwa ce, ba ta shiga lissafi. Sanda ya leƙa cikin motar ya ce, "Buhu yana ina? Cikin mota ko ƙasa?" Ya juyo gare ni. Ya ce, "Gobe ƙarfe shida, Mushe. Ka zo da tsumman kafaɗa."

Na zaga bayan mangaza na yi amai. Da na dawo sun sayi shinkafa da wake a babban kwano, sun matsa mini wuri. Wurin Yahuza ne, kusa da ƙofa, na gane daga yadda ba wanda ya dube ni lokacin da na zauna.

Na ci. Aka ƙaro na ci. Ban lissafa ko ɗaya ba.

Abin da na daɗe ina juya biro kafin in rubuta shi ne wannan: ya yi mini daɗi. Yaji, mai, albasa, duka. Tun watan Agusta abinci bai yi mini ɗanɗano ba sai yau, a wurinsa, da hannun da ya riƙe kan moton. Har na sa yatsa na suɗe kwano.

Na gaya wa Basira ta bayan labule. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ta ce, "Sannu, Yaya." Na tsaya ko akwai saura. Babu.

Sanda ya ce lodin aya ba ya tsayawa sai bayan sanyi, daga nan wake ya karɓa, sannan ga watan azumi na kowa. Na duba kalanda ina neman kwana sittin a jere da ba buhu a cikinsu. Ban samu ba tukuna.

Gobe:

Tashi kafin biyar, koko da mai, ƙwai biyu.
Tsumman kafaɗa, a tambayi Shatu.
Gyaɗa a aljihu don hantsi.
Man zafi na gwiwa.
A mayar da ƙarfen rumfa, a liƙe gwangwanin da ya ɓantare.
Moton: a sayar ko a gyara. A ɗaga tabarmar dai.
Liman.